Zomanyar 'yata ta daina ci, tana cizon haƙora: me zan ba ta?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce a unguwar Zango, nan cikin Damagaram. 'Yata mai shekara 11 tana da zomanya da kawunta ya ba ta, yau shekara ɗaya da rabi tana hannunmu, har ta zama 'yar gida. Nauyinta zai kai kilo 2. Tun jiya da la'asar ta ƙi cin komai, ta koma bayan randa ta takure, jefi-jefi sai mu ji tana cizon haƙora ƙaras-ƙaras. Kwana biyu ke nan kashinta ya ƙanƙance, wani ma a sarƙe da gashi kamar carbi, yau kuwa ban ga ko ɗaya ba. Abincinta dusa ne da gero da guntun burodi, sai ganyen kabeji idan na dawo daga Kasuwar Dole. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa kanwa in ɗura mata, wani kuma ya ce in fasa kafson amoksisilin in haɗa da rabin parasitamol. Yarinyar sai kuka take yi. Me zan ba zomanyar ciwon ya lafa?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyar yarinyar. Kin yi daidai da ba ki ɗura mata komai ba tukuna, kuma muna roƙon ki da ki ajiye kanwar nan da kafson nan gefe guda. Za mu zo kan dalili. Abin da ya fi gaggawa shi ne ki san cewa zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, ba a ce masa "bari mu ga zuwa gobe". Taki ta riga ta wuce wannan iyaka. Yau ɗin nan ya kamata likitan dabbobi ya gan ta, ko a ofishin ma'aikatar kiwo ko a wurin masu zaman kansu. Abin da za mu faɗa miki a nan shi ne abin da za ki yi kafin ki isa, da abin da za ki nema idan kin isa, da jinyar da za ta biyo baya a gida, wadda ita ce mai tsawo.

Cikin zomo ba irin na mage ko kare ba ne. An halicce shi ne don ya yi ta tura busasshiyar ciyawa dare da rana ba tsayawa, kuma kaushin ciyawar shi ke sa hanjin motsi. A can ƙasan hanjin akwai wata babbar jaka cike da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa. Idan aka cika wa zomo ciki da gero da dusa da burodi, ciyawa ta yi ƙaranci, sai hanji ya yi nauyi, abin da ke ciki ya bushe ya dunƙule da gashin da take lasa daga jikinta, halittun da ke cikin jakar su rikice su fara tara iska. Zomo ba ya amai, ba ya gyatsa, don haka iskar ba ta da mafita ta sama. Iska ta kawo ciwo, ciwo ya hana ci, rashin ci ya ƙara tsayar da hanji. Haka abin yake zagayawa, kuma shi ya sa maganin ciwo ba alfarma ba ne a wannan cuta, yana cikin ainihin abin da ke tayar da hanjin. Ga kuma hanta: zomon da ya kwana ɗaya zuwa biyu bai ci ba, kitse kan fara taruwa a hantarsa, musamman mai ƙiba, daga nan ceto yana wuya.

Cizon haƙoran da kike ji alamar ciwo ce mai tsanani. Zomo dabba ce da komai ke farauta, ta saba ɓoye rauninta, ba kasafai take kuka ko nishi ba. Ki duba fuskarta da kyau: ido a ƙanƙance kamar mai jin barci, kunnuwa a kwance a baya, kumatu sun shafe, gashin baki ya miƙe ya daina rawa. Wata takan manna cikinta a ƙasa, ta tashi, ta sake kwanciya, ta rasa inda za ta sa kanta. Akwai wani ɗan tauna haƙora mai laushi da zomo ke yi idan ana shafa kansa yana jin daɗi. Wannan daban ne, da ƙyar ake jin sa. Wanda ake ji daga nesa, na azaba ne.

Kafin ki sa mata ko ɗigon ruwa a baki, sai kin taɓa cikin. Cututtuka biyu ne suke kama da juna a ido, amma abin da ke warkar da ɗaya shi ke kashe mai ɗayar. Ki shimfiɗa zane a ƙasa, ki ajiye ta a kai tana tsaye da ƙafafunta huɗu, ki sa tafin hannu biyu a hankali a bayan haƙarƙarinta, ki fi kula da ɓangaren hagu inda tumbin yake. Cikin zomo mai lafiya yana da laushi, yatsa na shiga. Idan kika ji shi kamar kwaɓin fulawa mai ɗan tauri, ko kika ji kamar babu komai a ciki, kuma ciwon ya zo a hankali cikin kwana biyu ko uku kamar yadda kika bayyana, to alama ta fi karkata ga tsayuwar hanji. Idan kuwa kika ji tumbin ya kumbura ya yi tam kamar fatar ganga, har ya turo bayan haƙarƙari, tana numfashi sama-sama, kunnuwanta sun yi sanyi, kuma abin ya faɗo mata farat ɗaya cikin 'yan awoyi, to wannan toshewa ce: wani curin gashi, ko guntun leda, ko ƙwayar wake ya tsaya a hanji. Mai toshewa ba a ɗura mata abinci, ba a murza mata ciki, ba a ba ta maganin motsa hanji, don tumbin na iya fashewa. Ɗaukar ta za a yi a tafi, ko da dare ne. A irin wannan hali awoyi ake ƙirgawa.

Idan akwai ma'aunin zafin jiki a gidan, irin na yara mai lamba, ki shafa masa man baselin, ki sa a duburarta a hankali kamar santimita 2, wani ya riƙe miki ita. Zafin zomo mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 40. Idan ya sauka ƙasa da 38, jikinta ya fara saki: ki cika gorar roba da ruwa mai ɗumi, ki naɗe ta da tsumma, ki ajiye a gefenta ta yadda za ta iya matsawa idan ya ishe ta. Kada zafin garin ya ruɗe ki, zomo mai ciwon ciki yakan yi sanyi ko a tsakiyar bazara. Idan kuma ya haura 40.5, tana haki, to zafi ne ya buge ta: ki jiƙa tsumma da ruwan randa ki riƙa shafa kunnuwanta, ki kai ta inuwa mai iska. Ban da ruwan ƙanƙara, ban da tsoma ta cikin bokiti.

Yanzu maganar shawarwarin da aka ba ki. Mun san da kyakkyawar niyya aka ba da su, kuma mun san kanwa abin da ake ba tumaki ne tun kaka da kakanni. Amma tumbin zomo yana da tsami ƙwarai, kuma kanwa idan ta haɗu da tsami iska take fitarwa. Tunkiya za ta yi gyatsa ta huta. Zomo ba shi da wannan hanya. Haka lemon kwalba mai gas da wasu ke ɗura wa dabba mai kumburi. Man gyaɗa ko manja shi ma a bar shi: yana lulluɓe curin da ke ciki ya hana ruwa ratsa shi, kuma idan ya kuskure ya bi ta maƙogwaro zuwa huhu, an sayo wata cutar.

Kafson shi ne mafi haɗari cikin duka. Amoksisilin, ampisilin, penisilin, linkomisin, kilindamisin, eritromisin, da dangin sefaleksin, idan aka ba zomo ta baki, suna kashe halittu masu amfani da ke cikin jakar hanjin, su bar wata muguwar ƙwaya ta yi yawa ta zuba dafi. Sai a ga zawo kamar ruwa, sai mutuwa, wani lokaci bayan kwanaki har an manta an ba da maganin. Kafso ɗaya ya isa. Tsayuwar hanji ma ba cutar da ake fara wa da irin wannan magani ba ce. Parasitamol kuma ba shi ake riƙe wannan ciwo da shi ba, kuma rabin ƙwayar babba a jikin dabba mai kilo 2 da hantarta ke cikin wahala ba abin gwaji ba ne. Ibuprofen da diklofenak da asfirin suna cin tumbi da ƙoda, balle a jikin da ruwa ya ƙare. Taramol ɗin da ake sayarwa a tebur ko a kan keke, ba a san ƙarfin abin da ke ciki ba. Deksametazon, wanda wasu ke yi wa kowace dabba allurarsa, yana karya garkuwar jikin zomo. Kada garin neman gira a rasa ido.

Maganin ciwon da likitocin dabbobi suka fi ba zomo shi ne meloksikam. Awonsa miligiram 0.3 zuwa 0.6 ga kowane kilo, sau ɗaya a yini, wasu likitoci kan kai shi miligiram 1 ga kilo na 'yan kwanaki. Ga zomanya mai kilo 2, ana maganar kusan miligiram 1 ne kacal. Mun tsaya a kan wannan lissafi ne saboda a nan ake yin kuskure. Yawancin masu duba dabbobi a jiharmu hannunsu ya saba da shanu da awaki da raƙuma, kuma kwalbar meloksikam ta shanu tana ɗauke da miligiram 20 a kowane mililita. Rabon zomanyarki daga wannan kwalba mililita 0.05 ne, wato layi 5 a sirinjin masu ciwon sukari mai layi 100. Da sirinjin shanu ba za a iya auna shi ba ko an so. Idan kwalbar mai miligiram 5 ce, mililita 0.2 ne. Idan ruwan sha ne na karnuka mai miligiram 1.5, kusan mililita 0.7, na kyanwa mai 0.5, mililita 2. Ƙwayar mutane kuwa mafi ƙanƙanta miligiram 7.5 ce, ta ninka abin da take buƙata sau bakwai, kuma ba a iya gutsura ta daidai da farce. Saboda haka ki biya farmasi ki sayi sirinjin insulin, wato na masu ciwon sukarin nan, ki tafi da shi, ki sa a ɗora zomanyar a sikeli a gabanki, ki tambayi likita ƙarfin kwalbar da ke hannunsa. Wannan ba raina sani ba ne, likitan kirki zai ji daɗin tambayar.

Akwai sharaɗi guda: meloksikam ba ya shiga jikin da ya bushe, don yana rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ruwa ke gaba, magani a baya. Ki ɗaga fatar wuyanta ki saki. Idan ta tsaya a tattare ba ta koma nan da nan ba, ko idanunta sun faɗa, ruwa ya yi ƙasa. Likita zai sa mata ruwan asibiti, irin su Ringer, a ƙarƙashin fatar kafaɗa, a ɗumama shi tukuna. Abin da ake nema kamar mililita 100 ne ga kowane kilo a yini, a raba shi biyu ko uku. Wannan ruwa shi ke jiƙa curin da ya bushe a ciki, sau da yawa ma ya fi kowace ƙwaya aiki. Idan ciwon ya yi tsanani akwai allurar bufrenofin, miligiram 0.01 zuwa 0.05 ga kilo, duk bayan awa 6 zuwa 8. Magani ne da doka ta tsare, sai a hannun likita. Sannan akwai metoklofiramid mai motsa hanji, wanda aka fi sani da Primpéran, miligiram 0.5 ga kilo duk bayan awa 8, amma sai an tabbatar babu toshewa. Inda babu na'urar hoto, ga wata dabara mai sauƙi: a ɗebi ɗigon jini daga gefen kunne a auna da na'urar masu ciwon sukari. Zomo mai toshewa sukarinsa yakan yi tashin gaske, ya haura 360 a ma'aunin mg/dl, wato 20 a na mmol, alhali mai tsayuwar hanji ba ya kai nan kusa. Ki roƙi likita ya gwada.

Wajen tafiya, ki sa ta a kwali mai huji, ki shimfiɗa tsumma da ɗan ciyawa, ki fita da sanyin safiya ko bayan la'asar in hali ya bari. Idan dole ne da rana, ki yafa wa kwalin jiƙaƙƙen zane. Kada a ɗaure kwalin a bayan babur yana dukan ƙarfe, ki riƙe shi a cinya.

To, a ce an duba, ciki da laushi, babu toshewa, an yi allura, kun dawo gida. Nan aikinki ya fara. Ki fara da ruwa mai ɗan ɗumi, mililita 5 zuwa 10 duk bayan awa ɗaya ko biyu. Zomo mai kilo 2 yana buƙatar kusan mililita 200 a yini, a bazara fiye da haka. Idan ciki na ƙugi da iska, ana iya ƙarawa da simetikon, ɗigon da ake ba jarirai masu kumburin ciki: mai miligiram 40 a mililita, a ba da mililita 1 zuwa 2 duk awa har sau uku, sannan a dakata. Ba shi da wata illa da aka sani, amma kada ki ɗora masa buri, ba ya maye gurbin maganin ciwo.

Sai ɗura. Idan kina da abincin zomaye na buhu, mai kama da guntayen alli, ki jiƙa cokali 2 a ruwan ɗumi har ya narke. Idan babu, ki samo busasshiyar ciyawa mai tsabta da ganyen harawa, ki cire itatuwan, ki daka a turmi har ya yi laushi, ki tankaɗe da rariya. Ki dama garin da ruwan ɗumi, ki sa ɗan cokalin dafaffiyar kabewa da aka murje don ya haɗe jikinsa, ki bar shi minti 10 ya sha ruwa. Kaurinsa kamar kunun da ake sha da ludayi. Ban da sukari, ban da madara, ban da kunun gero ko koko, don su ne irin abin da ya kawo matsalar tun farko. Ki sami sirinji mai mililita 1 ko 5 wanda ba allura, ki yanke bakinsa da reza don ya faɗaɗa, ki goge kaifin. Mutane da yawa sun fi jin daɗin ƙaramin, ko da za a yi ta cikawa, domin babban yakan toshe sannan ya feso gaba ɗaya.

Ki zauna a ƙasa, ki naɗe ta da zane har wuya, kai kaɗai a waje, bayanta ya jingina da cikinki, ƙafafunta a ƙasa. Kada ki kwantar da ita rigingine kamar jariri. A haka abinci ke bi ta hanyar numfashi. A gefen bakinta, bayan dogayen haƙoran gaba, akwai wani fili da babu haƙori. Nan za ki zura bakin sirinji kamar santimita 1, ki karkata shi gefe, ba can cikin maƙogwaro ba. Ki matsa rabin mililita zuwa 1, ki cire, ki jira ki ga bakin yana motsi ta haɗiye. Idan ta bar abincin yana zubowa ba ta taunawa, ki tsaya, ki ba ta rabin awa. Zomon da ya yi laushi har ba ya iya riƙe kansa ba a yi masa ɗura sam, a koma wurin likita. A kowane zama ana neman mililita 10 zuwa 15 ga kilo, wato 20 zuwa 30 a wurin taki, sau 4 ko 5 a yini, har da na tsakar dare a kwana biyun farko. Zaman farko in kin samu ta karɓi mililita 10 ma kin yi ƙoƙari. Ki goge mata haɓa bayan an gama, kuma kullum ki dama sabo, don a zafin nan abin da ya yi rabin yini ya yi tsami.

Tsakanin ɗura da ɗura, ki sa yatsu a ƙasan cikinta ki riƙa shafawa a hankali daga haƙarƙari zuwa baya, minti 5, da nauyin hannun da za ki taɓa cikin jariri. Idan ta zabura ko ta ƙara cizon haƙora, ki bari. Ki sake ta a tsakar ɗaki ta ɗan taka, tafiya na motsa hanji. Ki ajiye mata jiƙaƙƙen ganye a gaban hanci: ganyen karas, na'ana'a, ganyen dankalin Hausa, ɗanyar ciyawa. Sau da yawa da ƙamshin na'ana'a zomo ke fara buɗe baki. Wannan aiki ne da 'yarki za ta iya riƙewa, tare da ƙirga kashi. Ki ba ta littafi ta rubuta lokacin kowace ɗura, mililita nawa, da kashi nawa aka gani. Zai rage mata kukan, kuma likita zai amfana da rubutun. Ki kuma nuna mata cewa ba a ɗaga zomo da kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, don idan ya yi harbi da ƙafafun baya a sama yana iya karya ƙashin bayansa.

Kashin farko da zai fito ba zai yi kyan gani ba: ƙanana kamar ƙwayar dawa, baƙaƙe, a murɗe, wani da majina. Ki yi murna da shi, alama ce hanya ta buɗe. Yakan zo cikin kwana ɗaya zuwa biyu da fara jinya, kafin ya koma yadda yake kuwa, dunƙule kamar 'ya'yan magarya, mai farfashewa idan an murza, ana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 5, wani zomon har fiye da mako. Mai lafiya yana zubar da 200 zuwa 300 a yini. Kada ki yanke maganin ciwo ranar da ta fara ɗan ci. Ki cika kwanakin da likita ya ɗiba. Idan awa 24 ta wuce ana jinya babu kashi ko ɗaya, ko ciki ya fara tauri, ko ta yi sanyi, ko zawo ya ɓalle, ki koma ba tare da jira ba.

Wani abu da ke ruɗa masu zomaye: akwai kashi na biyu, mai laushi da sheƙi da wari, a cure kamar nonon 'ya'yan faru. Wannan ba zawo ba ne. Zomo yana fitar da shi da dare ko da asuba ya cinye kai tsaye, don a ciki yake samun wasu sinadaran gina jiki. Idan kika ga ana barin sa a ƙasa ko yana manne mata a gindi, to hatsi ya yi yawa, ko ƙiba ko ciwo ya hana ta lanƙwasawa. A wanke wurin a busar, don ƙudaje kan yi ƙwai a nan, tsutsa ta fito cikin yini guda. Zawo na gaske, mai ruwa, ya fi kama 'ya'yan zomaye bayan yaye, sau da yawa daga ƙwayar koksidiya, kuma yana kisa da sauri. Maganinsa daban ne, sai an duba kashin.

Ki sa likita ya leƙa bakinta tun kuna can. Haƙoran zomo 28 ne, kuma duk suna tsiro har ƙarshen rayuwarsa, na gaba kusan milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce ke goge su. Zomon da ya tashi a kan dusa da gero, turamen haƙoransa kan yi tsini su yanki harshe ko kumatu, sai ya je wa abinci da marmari ya ɗauka ya yar, haɓarsa kullum a jiƙe da miyau. In wannan ne tushen, za ki yi jinya ta warke, bayan wata ɗaya ciwon ya dawo. Ciwon mafitsara, firgita daga kare ko mage, canjin wuri, da cin leda ko bakin tabarmar roba duk suna iya tsayar da hanji. Sai kuma zafi. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40, alhali zomo yana fara wahala tun daga 30. Ba banza ta zaɓi bayan randa ba, ƙasar wurin ce mai damshi da sanyi. Ki bar mata wurin, ko ki kifa mata jiƙaƙƙen kasko ta jingina. Akurkin da aka rufe da kwano a tsakar gida tanda ne. Ruwa kuma a kwano mai nauyi da ba za ta kifar ba, a canza safe da yamma.

Idan ta miƙe, abincin ne zai canza, amma a hankali cikin mako biyu, don canjin gaggawa shi ma yana rikita ciki. Kullum a ba ta damin busasshiyar ciyawa da ya kai girman jikinta, kada ya yanke ko da dare: ƙyasuwa, harkiya, burgu, ko gamba mai laushi, duk wadda babu ƙarangiya a ciki. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau, zomaye na son su, amma suna da ƙarfi, a gauraya su da ciyawa kada su zama su kaɗai. Ki shinshina kowane dami kafin ki saya. Wanda ya sha ruwa ya yi fumfuna a bar shi, dafin fumfuna na lalata hanta. Ɗanyen ganye cikin hannu ɗaya safe da yamma, iri biyu ko uku, har da ɗan zogale, a wanke sosai saboda feshin lambu. Kabeji kaɗan-kaɗan, kuma ba yanzu ba. Dusa kada ta wuce cokali ɗaya a yini. Gero, masara, burodi, tuwo da biskit a cire su. Karas ɗin kansa zaƙi ne, yanki kamar kan yatsa ya isa. A nisanta ta da tumfafiya, zurma, zaƙami, albasa, tafarnuwa, da ganyen tumatir da na dankalin Turawa.

Kashin nan mai kama da carbi da kika gani yana nuna tana zubar da gashi tana haɗiyewa. A irin wannan lokaci ki jiƙa tafin hannu ki shafe ta daga wuya zuwa wutsiya sau ɗaya a yini, gashin zai manne a hannunki maimakon ya tafi cikinta. Ɗurar kuma ba a yanke ta rana ɗaya: ranar da kika ga tana jan ciyawa da kanta, ki rage zama ɗaya, washegari ki ƙara rage ɗaya, kina auna ta a sikeli duk bayan kwana biyu. Idan nauyin ya tsaya, kashi ya cika ya yi girma kwana biyu a jere, sai ki ajiye sirinjin.